Na Hau Shafin Farko da Angon Ƙarya

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa, "Bomi, ina labarin Likita Maeng, har yanzu kina ja masa aji?" to ku gyara zama. Aji ya ƙare. Yau abin kunyar da na jawo wa kaina da hannuna zan ba ku, kuma duk wadda ta yi min dariya a wurin sharhi, na ga sunanta.

Ga sababbin zuwa, sunana Tak Bomi, shekarata talatin da ɗaya, kuma a gidanmu wannan lambar ta fi sunana yawo a baki. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin talla a nan Jeonju, aikina zaɓen kalmomi. Idan mai shago yana so shagonsa ya fito a shafin farko duk sanda wani ya yi bincike a waya, ni nake zama in gano abin da mutane ke rubutawa a akwatin binciken, in ɗauko waɗannan kalmomin in jera su a cikin rubutun tallarsa. Na daɗe ina wannan aikin, amma har gobe abin da Umma ke gaya wa ƙawayenta shi ne ina wasa da kwamfuta ana biya na.

Likita Maeng kuwa likitan haƙori ne. Goggo Bokhi, yayar Abba, ita ta haɗa mu tun watan Maris. Na je haɗuwar farko da niyyar in ƙi shi, don ni duk abin da Goggo ta yaba sai na nemo aibunsa. Na nema, na nema, na rasa, abin ya ba ni haushi. Kullum da safe sai ya turo min saƙo: "Malama Bomi, kin karya?" Ni kuma sai in bar shi ya sha iska, can in amsa da "Eh." A gida in aka tambaye ni shi, in taɓe baki in ce, "Yana nan." Iyayenmu ba su taɓa ganin juna ba, Goggo ce kawai ke kai kawo a tsakani.

To, wata Lahadi da rana na sauko daga sama cikin wandon barci, gashina a ɗaure da robar da aka ɗauro albasa da ita. A saman gidan abincin Umma muke zaune, shi ya sa duk kayana ƙamshin man riɗi suke yi. Na tarar da Umma da Goggo sun baje jarida a teburi suna tsinke jelar tsiron wake. Babu baƙo ko ɗaya. Tun da aka buɗe sababbin wuraren nan masu fitilu kala-kala a bakin tsohuwar unguwa, mutane suka ɗauke mana ƙafa. Abba, wanda tun da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa ya koma mai gasa kifin Umma, yana zaune a ƙofar kicin yana kallon garwashi.

"Ke Bomi, zo ki zauna," in ji Umma. "Wannan abin da kike yi wa bare, yau ki yi wa uwarki."

"Umma, yau Lahadi fa."

"Kifin da ke lalacewa a firji ya san Lahadi? Ɗauko kwamfutar."

Na ɗauko. Ta goge hannu a zanen girkinta, ta matso da kujera, ta gyara murya.

"Rubuta: abinci mafi daɗi a Jeonju."

"Umma, gidajen abinci nawa ne a garin nan? Kowa haka ya rubuta. Za mu faɗa can ƙarshen shafuka, inda ko mai neman ɓataccen karensa ba ya kaiwa."

"To rubuta mafi daɗi a duniya."

"Wannan ya fi muni."

Goggo ta ɗaga jelar wake ta nuna ni da ita. "Ki ƙara da cewa 'yar mai gidan tana nan ba aure, tana da digiri, haƙoranta lafiya lau. In likitan bai motsa ba, wani ya motsa."

"Goggo, gidan abinci muke tallatawa."

"Duka biyun sun daɗe ba mai tayawa, 'yar nan."

Na yi musu bayani yadda nake yi wa masu shaguna a ofis, cewa babbar kalma kowa yana kanta, ƙaramin gida ba ya samun wurin tsayawa. Abin da ake nema shi ne doguwar magana wadda mutane kaɗan ke rubutawa, amma duk wanda ya rubuta ta da damuwarsa ya zo, kuma yau yake so a warware masa. Umma ta ce ita ba ta son mutane kaɗan, mutane da yawa take so. Na yi kunnen uwar shegu da ita, na tashi na zaga gidan kamar yau na fara shigarsa.

Ɗakuna uku muke da su masu ƙofar da ake ja gefe, in an rufe ko tari ba a ji. Kujeru ne a ciki, ba zaman ƙasa ba, don Umma ta sauya su tun da gwiwarta ta fara ciwo. A baya akwai fili da ke cin motoci da dama. Ina tsaye a nan abin ya faɗo min: haɗuwar iyaye. Kun san ranar nan da iyayen saurayi da na budurwa ke fara zama a teburi ɗaya, kowa ya matse cikin kwat, ana murmushi ana auna juna, kafin a sa ranar biki. Mai neman wurin da za a yi wannan zama ba daɗin abinci ne ya dame shi ba, tsoro ne ya cika masa ciki. Yana tsoron gwiwar kaka ta ƙi lanƙwasawa, yana tsoron 'yan giya a teburin gefe, yana tsoron baban yarinya ya yi ta zagaye yana neman wurin ajiye mota har ya shigo da fushi. Uwa uba yana tsoron a kawo ƙaguwa, mutum ya zauna yana fasa ƙafa da haƙori a gaban surukai, jar miya tana ɗiga a farar riga.

Na koma na duba. Akwai masu rubuta irin wannan damuwar duk wata, kuma kusan ba wanda ya yi musu rubutu mai kyau. Na zaɓi maganata: wurin haɗuwar iyayen ango da amarya a Jeonju, ɗaki shiru, mai kujeru, da wurin ajiye mota. Na karanta musu.

"Wannan ai ba talla ba ce, jawabi ne," in ji Umma. "Ina maganar kimchina, kabejin nan da nake tsimawa da barkono?"

"Sai sun shigo za su san da kimchinki, Umma. Bari mu fara shigo da su."

A nan ne na yi wautar. Kowa a sana'armu ya san cewa tallar da shago ya yi wa kansa ba mai buɗewa. Abin da ke hawa sama, kuma mutane ke dannawa, shi ne labarin wanda ya je da kansa ya dawo yana cewa ni na je, ga abin da na gani. Kuma tsohon shafi da ya daɗe ana rubutu a kai ya fi sabo saurin hawa. Abin da ya kamata shi ne in jira wasu ma'aurata na gaskiya su zo in roƙe su su rubuta. A ofis ma idan mai shago ya nemi a ƙirƙiro masa labari, nasiha nake yi masa. Amma na kalli kujerun nan babu kowa, na kalli Umma tana ta gyara furen roba a teburin da ba wanda zai zauna, sai tausayi ya rufe min ido. Na ce a raina, ai ina da tsohon shafina, inda na yi shekaru ina sa hotunan takalma da shagunan kofi da fuskata ta kowane gefe. Ni zan zama amaryar.

Umma ta shirya teburi na gani na faɗa, ƙananan kwanuka har ba wurin ajiye cokali: gasasshen kifi, naman haƙarƙari da ya dahu har yana barin ƙashi, wainar ganye, shinkafa a tukunyar dutse. Na sa doguwar rigata ruwan madara mai ƙaramin wuya, da 'yan kunnen lu'ulu'u na Umma, na kwantar da gashi kamar ban taɓa yi wa kowa tsawa ba. Goggo ta zama uwar ango, hannun rigarta da jakarta kawai za su fito. Saura ango.

Duka muka juya muka kalli Abba.

"Baban Bomi, tashi ka sa kwat ɗinka," in ji Umma.

"Ba ta rufuwa."

"Ba cikinka za a ɗauka ba, hannu kawai."

Ya sa kwat ɗin, maɓallin yana can gabas ramin yana yamma. Na ce ya riƙe butar shayi yana zuba min, a hankali, kamar mai jin kunya. Ya zuba, ya sake zubawa, har kofin ya yi ambaliya kafin hoton ya yi kyau.

"Yau ni ne surukin kaina ke nan," in ji shi, ya cire kwat ya koma wurin garwashinsa.

Na goge masa tamojin hannu da waya har fatar ta koma ta ɗan talatin. Sannan na zauna rubutu. Na sa maganar da na zaɓa a take, na sa ta a layukan farko, na sa a tsakiya da ƙarƙashin hotuna, amma ban cika ba, don in ta yi yawa injin binciken ya kan gane talla ce ya jefar da kai baya. Na yabi kujeru, na yabi ƙofofi, na ce babu abincin da aka ci da hannu. Da na zo wurin da ya kamata amarya ta ɗan yi maganar angonta, ban tsaya tunani ba, abin da ya zo hannuna na zuba. Na tura, na rufe kwamfuta, na je na ci naman haƙarƙarin.

Jama'a, na iya aikina, wannan kam ba zan ɓoye ba. Kafin wata ya ƙare rubutun yana saman shafin farko, ya taka manyan otal-otal ya wuce. Wayar gidan abinci ta fara ruri tun kafin a ɗora tukunya. Ɗakunan nan uku suka cika duk ƙarshen mako da mutane masu kwat da zufa. Umma ta sayi sabon zanen girki mai furanni, ta fara ce wa ƙawayenta 'yarta "ƙwararriya ce a harkar intanet." Na ji daɗi ƙwarai, ban taɓa ganin ta tana waƙa a kicin ba sai lokacin.

Matsala ɗaya, Umma ta shiga labarin da ƙafa biyu. Duk wanda ya kira ya tambaya ko da gaske ne abin da yarinyar nan ta rubuta, sai in ji ta tana cewa, "Ƙwarai kuwa, a gabana aka yi! Angon? Dogo ne, a banki yake aiki." Mai kira na gaba kuma angon ya zama lauya. Akwai ranar da ya zama matuƙin jirgin sama.

"Umma, ki daina. Wata rana za ki gaya wa wanda bai kamata ba."

"A waya kowa baƙo ne. Miƙo min ludayi."

Guruf ɗin dangi ma ya kama da wuta kwana biyu. Kawu da ke can birnin Busan ya turo, "Au, har an yi ba a gaya mana ba?" da sitikar zomo yana kuka. Goggo ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta ce talla ce, kowa ya yi dariya aka wuce. Likita kuwa ko a raina bai zo ba. Bai san da shafina ba, kuma mutum ne da har yau jaridar takarda yake karantawa yana ninke ta gida huɗu.

Sai wata safiya saƙonsa bai zo ba.

Na ce ƙila aiki ne. Na duba wayar a banɗaki, na duba a mota, na duba a ofis har shugabarmu ta ce ko banki nake jira. Washegari ma shiru. Na ajiye girman kai na rubuta, "Likita, lafiya?" Alamar ya karanta ta fito nan take. Babu amsa. Na kira, ta yi ta ringi har ta yanke. Ni da nake barin sa ya sha iska, yau ga ni a tsakiyar iskar, kuma na gaya muku ba daɗi. A nan na yarda, tsakanina da ku, cewa ina son mutumin nan, so irin wanda ke sa mace ta zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa tana kallon waya.

"Me kika yi masa?" in ji Goggo, ta tsare ni a matakala. "Na san bakinki. Cewa kika yi yana warin asibiti, ko?"

"Ban ce komai ba, Goggo."

"Ai shi ne laifin naki, ba ki cewa komai. Mutum ba icce ba ne, 'yar nan."

A ofis na buɗe shafina don in duba yadda rubutun ke tafiya, in ɗan ɗauke hankalina. Akwai wurin da ke nuna wa mai shafi irin maganganun da mutane suka rubuta a akwatin bincike har suka iso gare shi, ba suna, magana kawai da ranar da aka yi ta. Yawanci guntaye ne, kalma uku ko huɗu a gaggauce. Ina ta wucewa sai idona ya tsaya a kan wata doguwa:

"Don Allah ina ya dace a yi haɗuwar iyaye a Jeonju idan mahaifiyar budurwar tana da gidan abinci, amma ana so ranar ta zauna ita ma a yi mata hidima? Na gode."

A duk ƙasar nan mutum ɗaya na sani da zai ce wa akwatin bincike don Allah, ya gama ya yi masa godiya. Na duba ranar, jajibirin safiyar da saƙonsa ya daina zuwa ce. Wato mutumin nan ya yanke shawara, yana shirin haɗa iyayenmu, har yana tunanin gwiwar Umma da tsayuwar da take yi a kicin. Ya zauna yana neman wuri, ni kuma na tare shi a saman shafi da rigata ruwan madara, wani ƙato yana zuba min shayi. Na kifa kai a teburi na yi kuka sosai, har hodar fuskata ta zauna a kan allon rubutu.

Tunda ba ya ɗaukar waya, hanya ɗaya ta rage. Na shiga shafin asibitinsa na kama layi, a wurin dalili na rubuta ciwon haƙori mai tsanani. Washegari da hantsi na sa shuɗiyar rigar da ya taɓa cewa ta yi kyau, wadda tun ranar ban sake sawa ba don kada ya ɗauka don shi ne. Na goge haƙori har dasashina ya yi zafi.

Ma'aikaciyarsa ta kwantar da ni a kujera ta ɗaura min ƙyalle a wuya. Ya shigo da farar riga, takunkumi a fuska, tabarau kawai nake gani. Ya rame, ko kuwa ni nake so in ga haka.

"Malama Tak, ina ke ciwo?"

Malama Tak! Har sunana ya janye, ya koma kira na da sunan gidanmu.

"Likita, ni magana na zo..."

"Buɗe baki."

Na buɗe. Ya leƙa da ɗan madubinsa, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, sai ya taɓa wani wuri a can baya na zabura har takalmina ya fice.

"Akwai rami a haƙorin turmi na ƙasa, ta hagu. Ya kwana biyu."

Kun ji fa. Ƙaryar ciwo na yi, na tarar da na gaske yana jira na. Kafin in ce uffan ya tsira min allura, ya cusa auduga a kumatuna, ya rataya min bututun nan mai zuƙe miyau. Ya ce wa ma'aikaciyar ta ba mu wuri kafin allurar ta kama. Ya jawo kujerarsa ya zauna, ya sauke takunkumi, ya ciro waya daga aljihu. Ni ko ina kwance baki a wangale, fitila tana haska min har maƙogwaro.

"Ranar da na gani, ban iya cin abinci ba," in ji shi, a hankali kamar kullum. "Na ce shi ke nan, shi ya sa ba ta amsa min sai da kalma ɗaya. Washegari na ƙara girman hoton, don in ga hannun wanda ya fi ni. Kin goge masa tamoji, Malama Bomi, amma kin bar agogon. Agogon da ake ba wanda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa ne, har da ɗan hoton jirgin a fuskarsa. Na ce ko dai angon nan ya fara aiki tun yana goye, ko kuma Abbanki ne."

Na yi wani sauti ta cikin audugar. Ya ɗaga min hannu.

"Wannan na gane, talla ce, don Ummanki kika yi. Ba shi ya hana ni amsa miki ba. Ga abin da ya hana ni."

Ya gyara tabarau ya fara karantawa. Jama'a, da ƙasa za ta tsage da na shige da kujerar gaba ɗaya.

"Angona ba mai yawan magana ba ne. In aka kawo kifi sai ya zare ƙayoyin tas, ya turo min farantin yana kallon wani wuri kamar ba shi ya yi ba. In muna tafiya a titi shi ke bin gefen motoci. In na tsokane shi ba ya ramawa, kunnuwansa ne kawai ke yin ja. Ban taɓa gaya masa ba, amma ba na iya tashi daga gado sai saƙonsa na safe ya shigo."

Ya ajiye wayar a cinyarsa. Ni na ma manta na rubuta haka, na rantse muku. Kunnuwansa kuwa sun yi jawur.

"Duk mai neman ɗaki mai kujeru a garin nan ya karanta wannan. Ni kaɗai ne ba a gaya wa ba. Ni 'Eh' ake ba ni." Ya dube ni. "Kin taɓa gaya min cewa a aikinku ba abin da ke ranka kake rubutawa ba, abin da mutane ke nema kake ba su. Shi ne na kasa ganewa. Waɗannan ma kalmomin da masu bincike ke so ne, ko kuwa nawa ne ni kaɗai?"

Ya miƙo hannu ya zare bututun, ya cire audugar.

Allura ta riga ta kama. Rabin fuskata ba tawa ba ce, harshena ya yi nauyi kamar dunƙulen tuwon shinkafa, leɓena na ƙasa ya tafi yawonsa. A haka na yi furucin soyayya na farko a rayuwata. Na ce nasa ne, duka nasa ne, ko kalma ɗaya ban duba ko ana neman ta ba. Na ce na ga tambayar da ya yi wa akwatin bincike, na ce ina so a yi zaman, ina son sa, kuma in ya sake ɗauke min saƙon safe sai na zo na fasa masa gilashin asibiti. Abin da ya fito daga bakina dai ba magana ba ce, gurnani ne da miyau da hawaye. Amma mutumin da ya yi shekaru yana sauraron masu auduga a baki, ya gane tsaf. Ya ɗauki ƙyallen wuyana ya goge min haɓa.

"Na ji," in ji shi. "Ni na yarda. Saura Mama."

Na zaro ido.

"Na riga na gaya mata ta ware mana rana a watan gobe. Ita ma sai ta yi nata binciken wurin. Kin iya aiki, Malama Bomi, duk yadda aka juya kalmomin ke ce a sama. Ta gane fuskarki daga hoton da Goggonki ta ba ta. Na ce mata talla ce, ta ce ita ba yarinya ba ce, za ta kira gidan abincin ta ji da kunnenta. Ina jin da safen nan ta kira."

A daidai lokacin wayata ta yi ƙara a jaka. Na ciro ta, ya sunkuyo ta kafaɗata muka karanta tare. Umma ce.

"Bomi, wata hamshaƙiyar mata ta kira ta kama babban ɗaki ranar Asabar da rana, ita kaɗai. Muryarta ta masu hali ce. Ta tambaye ni ko da gaske an yi zaman nan naki, na ce ƙwarai, har an sa rana. Ta ce tana so ta ga angon da idonta ta yi masa murna. Na ce ba matsala, zai zo. Ki nemo mana wani mai kwat kafin Asabar, dogo, wanda ba ya surutu. Kada ki gaya wa Likita."

Na ɗago na kalle shi, rabin bakina yana rawa, ɗaya rabin ya mutu. Ya karanta saƙon ya sake karantawa. Sannan ya ja takunkuminsa sama, ya gyara fitila, ya ɗauki injin huda haƙori ya gwada shi a iska.

"Asabar da rana ba ni da marasa lafiya, kuma ina da kwat," in ji shi. "Buɗe baki."